Littafin Taswirar da Ya Jira Keɓewa

Duk wanda ya san Tudun Wadan Zariya ya san Malam Gwadabe, ko don gugar kayansa. Mutum ne da ko albasa za shi saye sai ya sa farin kaftani mai karin guga, kuma ya dawo da shi fari tas. Shekara da shekaru ya yi yana koyar da labarin ƙasa a sakandare, ya zana kogin Kwara da na Binuwai a allo har hannunsa ya iya da kansa. Da ya yi ritaya sai aka naɗa shi dattijo a cocinsu, wani ƙaramin cocin Hausa a bayan layin masu walda. Ba mugu ba ne, Allah Ya sani. Matsalarsa dai ya fi son abu ya zauna sabo a kan ya yi amfani.

Da cocin ya gina ɗan ɗakin karatu, wa za a aika zaɓen littattafan bincike in ba malamin taswira ba? Ya hau keke zuwa Sabon Gari, shagon wani Ogbonna mai sayar da littattafan coci. Ogbonna ya baje masa kaya kashi biyu, kuma kuɗin da ikilisiya, wato jama'ar cocin, ta tara kashi ɗaya kawai zai iya saye. A nan ga ƙananan littattafan taswira na Hausa masu laushin bango da manyan haruffa, da ƙamus na Littafi Mai Tsarki, da wani mai nuna wa mutum ayoyin da kalma ta fito. A can kuma ga ƙaton littafin taswira guda, na Turanci, bango kamar ƙyauren ɗaki, gefen shafukan da ruwan zinariya, sai ƙamshi yake.

To, ga inda kunyar take. Malam Gwadabe ya sani sarai cewa da yatsa ake koyon taswira, shi da kansa ya sha faɗa wa ɗalibai haka. Ya kuma san rabin ikilisiyar ba sa jin Turanci. Amma da ya ɗaga ƙaton nan ya ji nauyinsa, sai ya hango baƙi daga manyan coci suna gyaɗa kai suna tambayar wa ya zaɓo. Shi ke nan, ido ya rufe. Ya rungumo shi a keke kamar jariri, ya sa a kabad mai gilashi, ya kulle, makulli ya shige aljihun kaftani.

A al'adar cocin, sabon abu, ko benci ne ko ganga, ba a mora sai an keɓe shi da addu'a. Fasto ya ce ranar Lahadi mai zuwa ma sai ya yi, abu ne na minti kaɗan. Ina! Malam Gwadabe ya ce littafi irin wannan ya wuce keɓewar gida, sai babban limaminsu ya zo daga Kaduna. Aka aika, ya ce yana tafe.

Cikin masu jiran akwai Eucharia, wadda kowa ke kira Maman Amaka, mai sayar da manja a kasuwar Tudun Wada. Daga ƙasar Ibo aure ya kawo ta tun tana budurwa. Mijin, mutumin Wusasa, ya rasu da wuri, danginta suka zo ɗaukarta ta ƙi, ta zauna da tsohuwar surukarta har ita ta rufe mata ido. Hausa a bakinta kuwa, sai ta sayar da kai. Saboda haka ba labarin da take so a Littafi Mai Tsarki kamar na matar nan 'yar Mowab da ta bar ƙasarta ta bi surukarta zuwa Baitalami. A taron zumuntar matan coci in ta fara shi, sai an tuna mata da girki.

Wata Lahadi ta tare shi a ƙofar ɗakin karatu. Ta ce ta ji an kawo littafi mai nuna ƙasashe, tana so ta ga hanyar da matar ta bi, da nisa ne ko kusa. Ta kuma faɗa masa abin da ba ta faɗa wa kowa ba: likitan ido ya ce ganinta yana tsukewa daga gefe, kuma irin wanda ba ya dawowa ne.

Malam Gwadabe ya tausaya mata, da gaske. Amma idonsa ya sauka kan hannunta, ga jan manja ya zauna a gindin farce, wanda sabulu ya gaji da shi.

"Maman Amaka, yi haƙuri a keɓe tukuna. Ke ce ta farko da zan buɗe wa."

Ta ɓoye hannun a zane, ta ce Allah Ya kai mu. Ta ga inda ya duba, shi ma ya san ta gani.

Babban baƙo bai samu zuwa Kirsimeti ba. Ista ta zo, aka yi masa rasuwa. Damina ta shiga, aka ce a bari a gama rufin ajin yara a haɗa biki ɗaya. Ta sake tambaya sau ɗaya, daga nan ba ta ƙara ba. Takan dai tsaya gaban gilashin bayan an tashi daga sujadar Lahadi, ta karkata kai kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, shi kuwa sai ya tsiri gyaran kujeru a ɗaya gefen. Wasu lokutan har yakan taɓa makullin a aljihu. Sai ya ce wa kansa ai ido ba a rana ɗaya yake tafiya ba.

Ranar keɓewa coci ya cika maƙil, mata da anko, ana ta buga tulu. Baƙo ya ɗaga littafin, ya yaba, ya tambayi wa ya zaɓo, daidai yadda Malam Gwadabe ya hango a shagon Ogbonna. Ya miƙe ana tafi. Yana tsaye ne ya ga Amaka ta shigo riƙe da hannun uwarta, tana gaya mata ga matakala. Tafin ya zame masa kamar ana marinsa.

Ana tashi ya ɗauki littafin ya nufi bencinta, ya durƙusa a ƙasa, bai ko tuna da kaftani ba. Ya buɗe shafin, ya ce ga alkawari. Ta sunkuya ta shinshina, ta ce ƙamshin sabo. Da ya kama yatsanta sai ta janye.

"Tsaya in goge, Malam, kada in ɓata maka."

"In ɓata maka" ta ce, kamar littafin nasa ne, kuma ba da gatse ba. Rabonta da manja watanni, hannun fes yake. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige. Ya ɗora yatsan a Mowab, ya bi da shi gefen Tekun Gishiri, ya haye kogin Urdun, ya tsaya a Baitalami. Tafiyar duka ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

"Har mun iso?" ta ce, ta yi dariya. "Ashe na fi ta nisa."

Ta tambaye shi wane launi aka yi wa tekun. Malamin da ya ƙare rayuwarsa yana bayanin taswira ya kau da kai gefe. Amaka ce ta ce shuɗi ne, Mama.

A satin ya cire kwaɗon kabad ɗin, ya koma wurin Ogbonna ya kwaso ƙananan na Hausa da kansa. Yanzu duk sun yi laushi, har da mai tabon miya, kuma ba ya hana kowa taɓawa. Ƙaton yana kan tebur a buɗe, kullum a shafi ɗaya. In mutane sun watse yakan karkata shi wajen taga, yana neman inda yatsanta ya bi. Bai taɓa samun ko ɗigo ba.