Inda Yake Ɗora Ƙafa

Kowa a unguwar ya san Inna mai niƙa, amma gaskiya ba ita ke niƙan ba. Aikinta karɓar kwanuka da faɗa da masu tsallake layi. Mijinta ne ke tsayawa kan injin, tana surutu yana gyaɗa kai, har suka tsufa a shagon nan.

Da ya rasu, injin ya shiga cin bel kamar an aiko shi. A sa sabo, kafin a je ko'ina ya tsinke. Babban ɗanta ya ce, "Inna, ya ƙara tsinka ɗaya, sayar da shi zan yi ki huta." Hutu fa! Ita da in ba ta ji ƙarar nan ba, sai ta ga kamar yau aka fita da gawar.

Mai gyara ya ce bel ɗin yanzu duk jabu ne. Mai lantarki ya ɗora laifin kan wuta. Wani ya buɗe cikin injin, ya rantse lafiyarsa ƙalau. Kowa ya duba inda ya iya, ya kaɗe riga ya tafi.

Sai ta koma tambayar waɗanda ba su san gyara ba. Wata mai kawo niƙa ta ce ƙarar ta canza. Tela maƙwabcinta ya ce yanzu har a teburinsa yake jin girgiza, da kuwa babu. To, girgiza ai ta ƙasa take bi. Inna ta kunna injin, ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta leƙa.

Ƙafar injin ta baya ce ke rawa. Notin da ya riƙe ta a siminti ya daɗe da karyewa, har ya yi tsatsa. A kan ƙarfen kuma ga wani wuri ya goge yana sheƙi, daidai faɗin tafin ƙafa. Ashe duk shekarun nan mijinta ne ke take wurin da ƙafa yana niƙa.

"Haba Malam," ta ce, hawaye na zubo mata, "noti ɗaya ya gagare ka saya?"

Ɗan ya ce gobe zai kawo mai walda, maganar sayarwa ta wuce. Ta ce to. Da ya fita, ta cire takalmi ta ɗora ƙafarta a wurin. Injin ya rage rawa, amma bai daina ba. Ba ta kai Malam nauyi ba.