Huhun Jan Sa

Da na dawo daga Dakar da takardar ilimin halittu, ƙasar ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, masu irin takardata kuwa ana ƙirga su da yatsu. A Yamai wani babban ma'aikaci ya zaunar da ni a buro, wato ofishinsa, ya shimfiɗa mini ayyuka kamar mai tallar zannuwa. In ina so in koyar a lise, wato babbar sakandare, nan cikin birni, ga gida ga lantarki. In ban so ba, ga asibiti, in riƙa duba jini da majina a madubin da ke ƙara girman abu. Akwai masu yaƙi da fara, akwai gonar gwajin irin hatsi kusa da Maradi. Sai can yana tattara takardunsa ya ce ma'aikatar kiwo ma tana neman mutum a Dakoro, amma ba ya jin wanda ya sha iskar teku zai yarda.

Na ce ita nake so. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta. Bai san ni ɗan Dakoro ba ne, ɗan mahauci kuma.

Da ma dalilin fawar na shiga lakwal, makarantar boko. Lokacin da kumanda, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya ce a ba da yara, manyan gari suka ɓoye nasu, aka tura 'ya'yan rundawa, wato mahauta, da na maƙera, wai mu ne in Nasara ya cinye ba a yi asara ba. A jami'a, ranar da aka ba mu dabba mu feɗe, na riga kowa gamawa, malamin ya tambaye ni inda na koyi riƙon wuƙa, na yi murmushi kawai. A gaban babana na koya, ina riƙe masa ƙafar akuya tun ban kai tsawonta ba.

Innata ta rasu ina lakwal a Maradi. Tari ne ya kama ta, ya yi ta cin ta a tsaye har ta fara tofar da jini. Ban sami jana'izarta ba. Da na zaɓi Dakoro, babana nake so ya ga abin da karatun ya zama, tunda ita ba ta gani ba.

Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da, "kai wanga" yake cewa. Da na dawo da kaki da hula, sai ya koma "likita", yana faɗa yana dariya ƙasa-ƙasa, amma na san daɗi yake ji. Aikina ya haɗa da allurar shanu a bakin rijiyoyi da lura da masu ciwo a kasuwar dabbobi. Sai kuma duba nama. Kowace safiya in tafi mayanka, in duba hanta da huhu da kaluluwa, wanda ya yi kyau in buga masa tampo, wato hatimi mai shuɗin tawada, sannan ya shiga kasuwa. Naman babana ma ta hannuna yake wucewa. Yakan ja da baya ya harɗe hannu, ya ce da abokansa, "Ku bari likita shi gani, mu mi munka sani?"

Wata ranar kasuwa ya yanka jan sa, irin na Fulanin daji mai dogon ƙaho. Ya daɗe yana tara abin sayensa, kuma tun jajibiri ake zancen san nan a gari. Da na iso an feɗe, masu tsire da mata masu tuwo sun yi cirko-cirko. Na ɗaga huhun, na ji nauyinsa ba daidai ba. Na sa wuƙa, sai na ji tana ƙaras-ƙaras kamar ta shiga yashi. Ƙuraje ne fari-fari, wasu sun yi ruwan ƙwai a ciki. Na duba hanta, akwai. Na leƙa cikin haƙarƙari, sun yi birjik har ƙashin baya. In a wuri ɗaya ne, a yanke wurin a yar. In ya bazu haka, doka ta ce duk naman a zuba masa kananzir a binne.

Na daɗe a tsugune. Wallahi na so a ce a lise nake, ina zana ganye a allo.

Sarkin fawa, wanda abokin babana ne tun suna samari, ya matso ya rage murya. "Ɗana, a yanke wurin a yas, kamar yadda anka saba. Naman ubanka na hwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ya yankuwa. Tarin huka ne, kuma shina kama mutum. Shi ka sa mutum tari har shi tohe jini."

Ban ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji. Na juya wajen babana. Bai dube ni ba, huhun yake kallo. Can ya goge wuƙarsa a gefen wando, ya ce, "Ku bar shi shi yi aikinai." Ya fita daga mayanka ko takalminsa bai ɗauka ba. Ni na zuba kananzir ɗin da hannuna, don ban ga wanda zan ɗora wa ba.

Daga ranar ya daina yanka. In na je gaishe shi da safe, sai ya ce "lahiya lau" yana kallon ƙasa. "Likita" ta ɓace daga bakinsa. Gari kuwa ya samu abin taunawa: ga wanda ya je har bakin teku ya koyo yadda ake zuba wa abincin ubansa kananzir. Wata gwaggona ta tare ni a hanya, ta ce tsintacciyar mage ba ta mage, wai Nasara sun mai da ni nasu. Na ji zafi ƙwarai, na kuma yi fushi, har da babana. Mutumin da ya yi shekaru yana duba cikin dabba, ai ya san abin da na gani. Na fara tunanin neman a mai da ni Yamai, tunda aikin da na zaɓa dominsa shi ne ya raba mu.

Ina cikin wannan, wata rana bayan la'asar ya zo buro, wurin da bai taɓa takawa ba. Na ba shi kujera, ya ƙi, ya zauna a dakalin ƙofa. Na sauko na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Abin nan da kac ce shina kama mutum. Gaskiya ta, ko don a ƙyale ka?"

"Gaskiya ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Irin wanga nama, in na gane shi, ba ni saida ma mutane. Yanke shi nikai in kai gida. Kowane mahauci haka shikai, abin da bai saiduwa gida ka ci. Uwarka ka gyara shi da hannunta. Ta hi son huhu, sai ta ɗan gasa ta ci tun bai nuna ba."

Nan na tuna ƙwaryar da yakan shigo da ita da hantsi, an rufe da faifai. Sai a lokacin na gane ba asarar sa ba ce ta hana shi yanka.

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi. "Shi yac ci ta?"

Na san abin da littattafai suka ce. An fi ɗaukar ciwon a nono ɗanye, ko daga tarin wani mutum, ta nama ba kasafai ba. Duk na faɗa masa, a hankali. Ya saurara har na gama.

"Ba wanga nit tambaye ka ba. Shi na, ko ba shi ba?"

Na so in ce ba shi ba ne. Amma mutumin nan ya ga na binne sansa a kan gaskiya, zai gane ƙarya a bakina. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Allah kaɗai ya sani."

Ya dafa gwiwa ya tashi. Ya ce, "To, likita."

Da ranar kasuwa ta zagayo na same shi a mayanka. Kafin in tambaya ya ciro huhun ya ɗora a kan faifai, ya miƙo mini wuƙarsa. Haka ya riƙa yi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ƙwaryar nan ba ta sake shiga gidanmu ba. Ban nemi komawa Yamai ba. Na tsufa a aikin kiwo, na duba huhun da ban san iyakarsa ba. Shi bai ƙara yi mini tambayar ba har ya rasu, ni kuwa har yau ba ni da amsarta.