Shekara Shida na Awon Goggo

Goggo Mai-awo ta shekara ashirin da bakwai tana aiki ɗaya a wata 'yar tashar duba yanayi da ke can saman tsauni. Kullum da safe takan zura takalmin roba, ta ɗauki sandarta mai zanen santimita, ta soka ta cikin dusar ƙanƙara wuri goma, ta fitar da matsakaicin zurfi, ta aika ofis a birni. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, amma a taurin kai ba ta da na biyu. Maigidanta, wani tsohon direba, yakan ce gara da ba ta koyi tuƙi ba, don ba za ta taɓa kauce wa kowa a hanya ba.

A birni aikin ya fi haka girma. Tauraron ɗan'adam yana leƙo nahiyar gaba ɗaya, kwamfuta kuma ta haɗa abin da ya gani da lissafin sanyi da iska da yanayin ƙasa, ta faɗi zurfin dusar a ko'ina. Da haka ake sanin yawan ruwan da zai gangaro koguna idan ta narke. Da lambobin irin su Goggo ake gwada lissafin, a ga ko ya faɗi gaskiya.

Kwatsam sai ga takarda: za a rufe tasharta ƙarshen wata, wai awonta ba ya shiga lissafi. Abin ya yi mata zafi ƙwarai. Ba barin aikin ne ya dame ta ba, sai dai a ce duk wahalar nan a banza ta yi.

"Ki haƙura mana," in ji maigidan. "Gwiwar nan taki ma za ta gode."

"Gwiwa ba ta aiko ka ba. Ta da mota, malam."

A ofis suka sami Injiniya, mai kula da lissafin, a wani ɗaki mai ɗumi cike da allunan kwamfuta. Ya yi mata bayani cikin ladabi: duk lambar da ta yi nisa da hasashen na'ura, na'urar kan ɗauke ta kuskure ta zubar. Nata shekara shida ke nan ana zubarwa, tun da aka sauya tsari, ba wanda ya ɗaga waya ya tambaye ta.

"Nuna mini tashar tawa a taswira," ta ce.

Ya matso da hoton, ga jan ɗigo. Goggo ta gyara tabarau.

"Ɗana, wannan ai rufin gidana ne. Ga ma igiyar shanyata nan."

Ashe wanda ya shigar da tashoshi a sabon tsarin adireshinta na cikin kwari ya sa, inda dusa iyakarta idon sawu. Ita kuwa a sama take awo, inda takan kai ƙugu. Injiniya ya yi zufa. Ya mayar da ɗigon mazauninsa, ya ce batun rufewa ya mutu, ya yi ta ba ta haƙuri.

"Awona na shekara shidan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "An goge su, Goggo."

Idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan hannu. Sai ta jawo kujera, ta zuge jakarta, ta fito da tsofaffin littattafan awonta shida da damshi ya kumbura, ta jera a teburinsa. Maigidan ya dube su, ya nemi wuri ya zauna, don ya san tafiya gida ba yanzu ba.

Ta lashi yatsa, ta buɗe shafin farko.

"Rubuta. Ɗaya ga wata, santimita tamanin da huɗu."