Yumɓun Kakata

Jiya ruwan sama ya zaftare gaɓar rafin bayan gidanmu, ƙasa ta fito hawa-hawa, baƙa a sama, ja a tsakiya, fara can ƙasa. Sai na tuna kakata, maginiyar tukwane.

Ranar ƙarshe da na raka ta haƙar yumɓu, gwiwoyinta na ciwo, amma da kanta ta sauka ramin. Ta ɓaro ruɓaɓɓen dutse ta murje a tafina, ga sanyi ga santsi. Ta ce, "Jikata, ruwa ne ya ci dutsen nan har ya yi laushi. Irinsa ke jure wuta."

Da yumɓun nan ta raine mu muna marayu. Robobi sun cika kasuwar Zuru, amma har Danko ana shan ruwan randunanta. Allah ya sanyaya makwancinta.