Jan Biro a Kundin Abokina

A farkon shekarun tamanin ina ɗalibi a Madina, shekarata ta biyu, gemuna bai gama fitowa ba amma ina jin duk garin babu mai tsoron Allah kamata. Na karanta babi biyu, na ɗauka na gama littafi. Har yau in na tuna yaron nan, wato ni na wancan lokaci, takaici ke kama ni, da zan gan shi wallahi sai na make masa ƙeya.

Abokin ɗakina Bajapane ne, sabon shiga Musulunci, mai sanyin hali. Abu ɗaya ya zo da shi daga gida da yake ji da shi, kundin kan sarki. Duk na ƙasarsu ne, masu ɗauke da zanen gargajiya irin wanda ake sassaƙawa a katako, a shafa launi, a danna a takarda. Ga mata da laima, ga masunta, ga matafiya cikin ruwan sama. Ko da yatsa ba ya taɓa su, sai da matsefata. Ya gaya mini shi da mahaifinsa suka tara su tun yana yaro, kuma tsohon ya rasu bai huce da musuluntarsa ba. Na ji da kunnena, amma ni hotunan masu rai kawai nake harara.

Da zai tafi Umra na raka shi miƙatin Bi'ir Ali, ya ɗaura harami, ya ce kundin amana ne a hannuna. A lokacin wasunmu mun saba, in muka sayo gwangwanin madara ko littafi mai hoto a unguwar Anbariyya, sai mu ja layi a wuyan hoton, wai mun yanke kai. To ni sarkin azarɓaɓi na zauna bayan la'asar da jan biro, na bi kundin nan shafi-shafi, ko mace ɗaya ban bari ba. Har murna nake, wai na tsarkake wa ɗan'uwana ɗaki. Kai, wauta!

Da ya dawo na miƙa masa ina jiran godiya. Ya buɗe, ya juya shafi, ya sake juyawa, sai ya zauna a ƙasa. Ni kuwa bakina bai mutu ba, na hau jero masa dalilai. Ya bari na gama, ya tambaye ni a hankali ko a cikin dalilan nan akwai wanda ya ce a taɓa amana ba da izinin mai ita ba.

Bai zage ni ba, kuma da ya zaga da na fi samun sauƙi. Ya nemi canjin ɗaki. Ranar da zai kwashe kaya ya ajiye mini kan sarki ɗaya a kan matashina, mai hoton dutse, a gindinsa wasu matafiya ƙanana kamar tururuwa. Ya ce waɗannan sun kuɓuce mini, in ƙarasa aikina. Na sha neman gafararsa, ya ce ya yafe, amma bai ƙara shan shayi da ni ba.

Ban rubuto don yin fatawa kan hoto ba, wannan na malamai ne. Ina dai jan kunnen masu ɗanyen karatu irina na da: in kun ga abin da ba ku yarda da shi ba a kayan wani, ku yi magana, hannunku ya tsaya a aljihu. Ni na zaci wuyan zane nake yankewa, ashe abin da ya rage wa maraya na ubansa nake kashewa. Kan sarkin yana nan wurina, matafiyan da kawunansu.