Malam Na'Allah, Wanda Ya Nemo Wa Babana Shaida

Ranar Laraba, 9 ga Afrilu 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Na'Allah, tsohon malamin kimiyya na garin Isa, bayan jinyar mako uku. Na Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni ce Firdausi, 'yar Halliru na Unguwar Lalle, kuma wallahi tun da labarin nan ya iso ni abinci ya ƙi shiga.

Malam, an san ka da ƙungiyar da ka kafa a 1996, kai da Usmanu direba da wasu malamai biyu. 'Yan Kallon Sama ake ce muku don tsokana, ku kuwa kuka karɓi sunan hannu bibbiyu. Duk wanda ya ga wani abu a sama bai gane ba, sai ku je har inda ya tsaya, ka sa ƙafarka a wurin, ka ce ya nuna maka da yatsa. Da yawa kun warware. Wani balan-balan ɗin masu auna yanayi ne daga Nijar, wani tauraro ne kawai, daga baya jirage marasa matuƙi suka shigo. Wanda ya gagara sai ka rubuta, "Ba mu sani ba tukuna."

Na Baba yana cikin waɗanda suka gagara. A daminar 2003 shi ne ladanin masallacinmu. Yana gona da hantsi ya ga wani farin abu kamar faifai, tsaye cak bisa gero, ba ƙara ba hayaƙi, sannan ya yi arewa ya ɓace. Baba kuwa magana ba ta kwana a cikinsa. Kafin Juma'a gari ya ɗauka cewa ladan ya taɓu, aka ba wani kiran salla. Mu 'ya'yansa har a bakin rijiya ana nuna mu, shi kuma ya koma sahun baya, kansa a ƙasa.

Sai ga ka a kan tsohon babur ɗinka. Ka yini da shi a gonar, sannan ka ce, "Malam Halliru, ni ban san ko mine ne ba. Amma abin da mutum guda ya gani da hantsi ƙiri-ƙiri, wani ma ya gan shi. Za ni nemo shi."

Shekara ashirin da ɗaya kana tambayar fatake, kasuwar Gatawa, ta Sabon Birni, ta Isa. Usmanu ya rasu, 'yan bindiga suka kori sauran biyun zuwa Sakkwato, ka rage kai kaɗai. Ni kaina na taɓa ce maka ka haƙura, Allah Ya yafe mini. Bara ka samo Talha, wani ɗan kasuwa daga tsallaken iyaka, wanda shi ma ya ga abin nan a waccan daminar ta 2003, ya yi shiru don kada a kira shi mahaukaci. Ka ɗauko shi ta hanyar da ko direbobi ke gudu, ka tsayar da shi a ƙofar masallaci bayan Juma'a ya faɗi abin da ya gani.

Liman ya roƙi Baba gafara, ya ce ya kira la'asar. Baba ya miƙe, ya kai hannu kunne, amma tsufa ya riga ya cinye muryar. Ranar na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ku kuma iyalan Malam, Hajiya Rahmatu da 'ya'yansa Marwan da Maimunat, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Baba bai samu zuwa jana'iza ba, ƙafa ta ƙi, amma ya ba ni saƙo gare ku:

"Ki ce musu duk garinga 'mi ka sha?' anka tambaye ni. Ubansu kaɗai ya ce mini 'mi ka gani?'"