Gyara a Kan Laftof

Ni tun ina yaro a Maradi ban taɓa sayen abu na tafi ba gyara ba. Ko gyaɗa ce a gwangwani, sai an ɗora mini 'yan ƙwayoyi. Tsallaka teku bai raba ni da halin ba.

Muna zaune a unguwar University Heights lokacin, ina kasa huluna da agoguna a bakin titi. Babbar 'yata tana koyon rubuta furogiram na kwamfuta, aka ba ta aikin ƙarshen shekara wanda in bai tashi ba sai ta maimaita aji. Ta ce sai da laftof. Na ce uba ne ke sayo wa ɗansa kayan sana'a, ni zan je.

"Baba, memori ne abin dubawa, wato ƙwaƙwalwar na'urar," ta ce. "Sha shida. Takwas ba zai ɗauki aikina ba."

"Sha shidan mene?"

"Gigabait."

Na gyaɗa kai kamar tare muka yi makarantar allo da shi.

A kantin, can ƙasan Manhattan, na ɗaga laftof ɗin da hannu biyu na ji nauyinsa yadda ake wa ragon layya. Sai dabara ta zo mini: in sayi mai takwas, sauran takwas ɗin su zo a gyara. Muka daidaita, na miƙa hannu na ce a ƙara. Mai kanti ya yi dariya har da tari, ya ba ni jaka.

A gida yarinya ta kunna, ta ɗora aikinta. Na'ura ta hau gurnani kamar tsohon injin markaɗe, ta tsaya cak. Uwarta ta leƙo daga kicin.

"Malam, me ka sayo?"

"Ciniki bai ƙare ba," na ce. "Tafiyar farko ce."

Kashegari muka koma da yarinyar. Na ja kujera na zauna a bakin kanta, don a kasuwarmu wanda ya fara gajiya shi ke sakewa. Duk wanda ya shigo in gaishe shi, in tambayi iyali. Azahar ta yi, na shimfiɗa kwali tsakanin firintoci. Na ɓare goro na miƙa wa mai kanti, ya ciza, ya yamutsa fuska.

"Baba, don Allah, mutane na kallo," ta ce da Turancinta.

"Su kalla. Kallo ba ya rage memori."

Ta ce in je in duba jakunkuna. A gilashin kanta na hango ta tana raɗa da mutumin, tana zuge aljihun jakarta. Na ƙura wa wata jaka ido kamar zan aure ta.

Can ya kwance bayan laftof, ya cusa wani ɗan abu kamar tsinken tsire, ya dube ni ya ce da Hausar da aka koya masa yanzu: "Gi-yara."

Na ce Allah ya amfana.

Nan a kan kanta ta kunna. Rubutu ya yi ta gudu sama, bai tsaya ba. Ta dafe ƙirji, ta sauke numfashi, ta ce aikin ya tashi.

"Kin ga amfanin haƙuri?" na ce.

"Na gani, Baba," ta ce, ba ta yarda mun haɗa ido ba.